Karatun Daji a Kan Katifa

A watan Yunin 1992, can cikin dajin Alaska a ƙuryar arewacin Amurka, wani saurayi ɗan shekara 24 mai suna Christopher McCandless ya harbe wata ƙatuwar dabba da mutanen can ke kira mus, dangin barewa ce amma girmanta ya kai na sa. A lokacin yunwa ta riga ta fara cinsa. Da ƙaramar bindiga ya shiga dajin, da shinkafar da ba ta cika kilo biyar ba, da tarin littattafai, ciki har da wani mai bayanin tsirran yankin da ake ci. Naman da Allah ya ba shi ranar nan, da ya san yadda zai yi da shi, da ya kai shi makonni masu yawa. Sai ya bi shawarar da ya taɓa ji a bakin wasu mafarauta na wata jiha mai nisa, Dakota ta Kudu, ya ce banda zai yi masa da hayaƙi. Ya kwashe kwanaki yana fama, ƙuda suka sauka, tsutsa ta tashi, yawancin naman ya ruɓe ya bar wa kyarketai. Mafarautan Alaska kuwa yanyana shi suke yi falle-falle su shanya iska ta busar.

Duk matar da ta taɓa aikin naman layya, balle mai sana'ar kilishi, ba ta bukatar a faɗa mata wannan. Hannunta ya san kaurin da nama zai yi ya bushe kafin ƙuda su ci ƙarfinsa. McCandless ya gama jami'a da sakamako mai kyau a 1990, karatu bai yi masa ƙaranci ba, wuƙar yanyana ce bai taɓa riƙewa ba. A watan Yuli ya haɗa kayansa zai fita, ya tarar kogin Teklanika da ya ƙetare cikin sauƙi a watan Afrilu ya cika ya batse da narkakkiyar ƙanƙara. Ya koma wata tsohuwar motar bas da ya mayar ɗaki. Tazarar da ba ta kai kilomita ɗaya ba daga inda ya tsaya, akwai igiyar ƙarfe da kwandon da ma'aikatan awon ruwa ke ƙetarewa da shi, amma ba ya ɗauke da taswirar da za ta nuna masa. A watan Agusta ya rasu, a watan Satumba aka tsinci gawarsa. Jon Krakauer ya rubuta labarinsa a littafin Into the Wild a 1996, kuma har yau ana gardama kan ko yunwa ce zalla ta kashe shi, ko kuwa 'ya'yan wani tsiro da ya riƙa ci, waɗanda littafin nasa bai yi gargaɗi a kansu ba, sun taimaka.

Littattafan koyar da tsira a daji kasuwa ce babba a ƙasashen Turawa, kuma yanzu sun iso mana ta hannun 'yan gwanjon littattafai da ta waya. Horace Kephart ya fitar da Camping and Woodcraft a 1906. Larry Dean Olsen ya rubuta Outdoor Survival Skills a 1967. John Wiseman, wanda ya yi shekara 26 a rundunar sojan Birtaniya ta musamman da ake kira SAS, ya fitar da nasa, SAS Survival Handbook, a 1986, kuma shi ne ya fi yawo a duniya. Shekara guda bayan nan Mors Kochanski na Kanada ya buga Northern Bushcraft. Akwai kuma littafin sojan Amurka mai lamba FM 21-76, wanda ke warwatse a intanet kyauta. Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina fita da yara 'yan sikawut, kuma ina da wasu daga cikin waɗannan littattafai, ina son su. Abin da ake mantawa shi ne masu rubuta su duk a daji suka koya kafin su zauna su rubuta. Baden-Powell ma, uban 'yan sikawut, sai da ya kwashi yara wajen ashirin ya kai su tsibirin Brownsea a 1907 ya gwada dabarunsa a kansu, sannan ya buga Scouting for Boys a 1908. Mai saye kuwa a kan katifa yake karantawa, fanka na kaɗawa, ya rufe littafi yana jin ko gobe aka jefa shi dajin Falgore zai rayu. Ya zama kamar wanda ya haddace babin alwala bai taɓa riƙe buta ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wajen hura wuta ba ashana. A littafi shafi ɗaya ne da zane: ga ɗan allon itace, ga siririn tsinke a tsaye, ga tafin hannu biyu suna murzawa, ga hayaƙi. Yaran da nake fita da su duk sun ga zanen, wasu ma sun kalli bidiyonsa, inda abin ke kamawa cikin daƙiƙa talatin domin an yanke sauran wahalar. Wata Asabar a hunturu na roƙi wani tsohon maharbi da ke ƙauyen bayan makarantarmu ya zo ya duba mana. Ya tarar yara sun baje a gindin tsamiya, kowa da itacen da ya tsinto, ana ta murza. Wasu tafinsu ya yi bororo, wani ya samu hayaƙi yana ihu, amma garin da ke zubowa ja-ja ne, ba alamar garwashi. Tsohon bai ce komai ba tukuna. Ya ɗauki allon wani yaro ya danna masa farce, farcen bai shiga ba, ya jefar.

"Wannan ƙirya ce, ɗana. Ko ka kwana kana murza ta, santsi kawai za ta yi maka."

Ya ɗauki na wani ya karya, ya kai hanci. "Malam, shinshina ka ji. A ido ya bushe, cikinsa ɗanye ne."

Ya tafi bakin wata gona ya dawo da busasshen reshen tumfafiya da ya mutu a tsaye, wanda bai taɓa ƙasa ya sha raɓa ba. Ya tsaga shi, ya fere gefe guda ya kwanta, ya ɗan huda da bakin wuƙa, ya murza tsinke har wurin ya yi baƙi, sannan ya yanka wata 'yar kafa daga gefe zuwa kusa da tsakiyar ramin. Wannan kafa ita ce asirin abin, nan garin itacen ke taruwa ya riƙe zafi, kuma in ta yi faɗi ko ta yi tsukuku an yi aikin banza. Ya sa busasshen ganye a ƙarƙashi, ya taka allon da ƙafa, ya fara a hankali kamar ba ya so. Sai da kafar ta cika da gari baƙi mai laushi sannan ya ƙara sauri yana dannawa ƙasa. Da ya ɗaga tsinken, hayaƙin bai tsaya ba, yana ta fitowa daga cikin garin shi kaɗai. Bai yi gaggawa ba. Ya ɗan fifita da tafin hannu, ya juye ƙwayar garwashin cikin dunƙulen audugar rimi da busasshiyar ciyawa da ya riga ya murtsuke, ya ɗaga sama da fuskarsa don hayaƙi kada ya shiga masa ido, ya riƙa hurawa dogo-dogo har ta kama.

Littafin ya ambaci kafar, ya ce a nemi itace mai taushi busasshe. Amma taushi nawa? Bushewa wace iri? Wane launin gari ne ke cewa ka ƙara ƙarfi, wanne ke cewa ka canja itace? Farce da hanci da kafaɗa ne ke amsa waɗannan. Ga kuma sunayen itatuwan da littattafan ke lissafawa, na dazukan Turai da Amurka ne, ba ɗaya da ke tsirowa a Kazaure ko Tasawa. Ba ruwansu da tumfafiya, balle su gargaɗe ka cewa ruwan nononta in ya shiga ido yana iya yin illa. Da aka tashi shan shayi, tsohon ya laluba aljihu ya ciro laita ya kunna gawayi. Yara suka kwashe da dariya. Ya ce, "To, da kuna so in sake wahalar da kaina?" Tun daga ranar ban ƙara tunatar da waɗannan yara su zo da ashana a ƙulle cikin leda ba.

Akwai wata dabara da kusan kowane littafi ke ɗauke da ita, ta samun ruwa daga ƙasa da hasken rana. Wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Ray Jackson da Cornelius van Bavel, suka fito da ita a 1965. A haƙa rami mai faɗin kamar mita guda, a sa gwangwani a tsakiya, a rufe da farar leda, a toshe gefe da ƙasa, a ɗora ɗan dutse a tsakiyar ledar ta lotsa. Rana ta dafa ƙasar, tururi ya taru a jikin leda, ya gangaro ya ɗiga cikin gwangwani. Ilimin daidai ne, kuma a ƙasa mai damshi tana ba da ruwa. Mun gwada ta a bazara a fako, da fatanya da shebur, abin da wanda ya ɓace ba zai samu ba. Da yamma abin da ya taru bai cika ƙaramin kofin shayi ba, masu haƙan kuwa sun shanye rabin jarka. Tun a 1947 Edward Adolph, wanda ya yi wa sojan Amurka bincike kan jikin ɗan Adam a hamada, ya nuna cewa mai aiki ko tafiya cikin zafin rana na iya zubar da gumi kusan lita guda a awa. Wanda ƙishirwa ta kama ya tsaya haƙan ramin nan da tsakar rana, asarar da zai yi ta fi ribar. Mutanen karkararmu da rani yashin busasshen rafi suke tonawa, a gwiwar da ruwa ke daɗewa kafin ya ƙafe, kuma sun san wane rafi ne ke bayarwa, wanne ne ba ya bayarwa.

Haka batun gane gabas da yamma. Littafi zai ce da dare ka nemi tauraron arewa, wanda ba ya motsi. Gaskiya ne, a Landan yana can sama sosai, digiri 51 daga ƙasa. A Kano digiri 12 ne kacal, wato in ka miƙe hannu ka dunƙule shi, tauraron bai fi dunƙule guda da ɗan ɗori daga doron ƙasa ba. A Agadas ya ɗan ɗaga zuwa 17. Itatuwa na tare shi, hazon hunturu na haɗiye shi ɗungurungum, ga shi dama ba wani haske ne da shi ba. Sai wanda ya saba fita tsakar gida da dare yana nemansa ne zai gane shi ranar bukata. Wata dabarar kuma ta ce ka nuna rana da hannun agogo ka gano kudu. An gina ta ne a kan cewa da tsakar rana, rana tana kudu da kai, wanda haka yake kullum a Turai. Mu nan, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta, rana na bi ta arewa da mu, inuwa ta faɗi kudu. Mai bin littafi ido rufe a watan Yuni sai ya juya baya ga inda yake nufi. Makiyayi bai san digiri ba, amma ya san inda Kaza da 'Ya'yanta ke fitowa a kowane lokaci na shekara, ya san iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina kuwa daga kudu maso yamma.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ɗanɗana wannan tun kafin ya iso Kano a watan Fabrairun 1851. Mutum ne mai digirin digirgir, ya iya Larabci, ya karance abin da magabata suka rubuta kan Sahara. A watan Yulin 1850, kusa da garin Gat a ƙasar da yanzu ake kira Libiya, ya ce sai ya hau dutsen Idinen. Buzayen da ke tare da ayarin suka ce kada ya je, gidan aljanu ne, ba wanda ya yarda ya raka shi. Ya tafi shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, ya kasa gane hanyar komawa, ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga jikinsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa washegari ya same shi kwance rai a hannun Allah. Da ba don wanda ya iya karatun sawu ba, da manyan kundaye biyar ɗin da Barth ya rubuta kan ƙasashenmu ba su samu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a jefar da littafi a koma wa tsofaffi kaɗai. Akwai wuraren da al'adarmu ke kashe mutane, kuma karatu ne ke gyara ta. Saran maciji shi ne babba. Abin da aka saba yi, a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, a tsaga wurin da reza, a tsotse, a ɗora baƙin dutse, sannan a zauna jiran mai magani. Tsofaffin littattafan Turawa ma sun koyar da tsagawa da tsotsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, ta hana duk waɗannan. Macijin da ya fi yi mana ɓarna, kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ya tsaga wurin ya buɗe wa jini ƙofar da ba za ta rufu ba, wanda ya ɗaure tamau kuma yana iya jawo a yanke ƙafar. Abin yi shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a tallafe gaɓar da sanda kada ta yi motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi, irin na Kaltungo a Jihar Gombe, inda suka ƙware a wannan aiki. To amma ko nan sai an duba shekarar da aka buga littafi da ƙasar da aka rubuta shi dominta. Naɗe gaɓa da bandeji mai matsewa, wanda littattafan Ostireliya ke koyarwa, don macizansu ne masu dafin shanye jiki, ba don kububuwa ba. Kuma ɗaukar babban mutum a kan makarar da aka haɗa da sanda biyu da riga, tafiyar kilomita guda, sai an gwada da lafiyayye kafin a san irin nauyinsa.

Ruwan sha ma haka. Mun gaji tunanin cewa jarumi shi ne mai jure ƙishirwa, yana tattalin gorarsa. Binciken Adolph ya nuna jiki ba ya sabawa da rashin ruwa, komai horo. Gumi ake tattali: a nemi inuwa da rana, a rufe jiki da sutura mai yalwa kamar yadda Buzaye ke yi, a yi tafiya da sanyin safiya ko da dare. Daga littafi na koyi cewa garin 'ya'yan zogale na kwantar da laka amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, sai an tafasa. Daga nan kuma na ga cewa ruwa mai tsabtar ido, in aka zuba shi a farar gorar roba aka kwantar a rana tsawon awa shida, hasken na kashe yawancinsu. Littafi kuma na jera wa mutum abubuwa bisa gaggawarsu, domin wanda ya ruɗe abinci yake fara tunani, alhali mutum na iya yin makonni ba ci, ruwa kuwa kwana uku ma da ƙyar a zafinmu.

Batun abincin dawa ne ya fi ba ni tsoro a littattafan nan. Wasunsu na koyar da wani gwaji na gane tsiron da ake ci: ka goga a fata ka jira, ka taɓa a leɓe ka jira, ka tauna kaɗan ka jira awoyi. A kan takarda ya yi tsari. Amma 'ya'yan bini-da-zugu daɗi gare su a baki, shi ya sa yara ke cin su har a kwashe su zuwa asibiti da amai da gudawa. Anza kuwa, wadda mutanen Nijar suka dogara da ita a yunwar 2005, mai wannan gwaji zai tofar da ita nan take don ɗaci, alhali abinci ce in an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa. Yaron da ya tashi yana kiwo ya san aduwa da kanya da magarya da ɗinya da taura da tsada, ya san watan da kowace ke nuna, ya san inda ake tono muruci. Ɗan birni mai littafi, in ba a taɓa nuna masa a jikin itace ba, zai iya kwana da yunwa a gindin kanya.

Labarai biyu daga Kudancin Amurka na nuna abin da sabo ke yi. Ranar 24 ga Disamban 1971 wani jirgin sama ya tarwatse a sararin dajin Amazon a ƙasar Peru, mutum 92 ke ciki, yarinya ɗaya 'yar shekara 17, Juliane Koepcke, ta rayu. Ƙashin da ke tsakanin wuyanta da kafaɗarta ya karye, tabaranta ya ɓace, takalmi ƙafa ɗaya ya rage mata, abincinta 'yar jakar alewa. Amma iyayenta masana dabbobi ne, ta zauna da su a sansanin bincikensu cikin dajin fiye da shekara. Mahaifinta ya koya mata cewa ƙaramar ƙorama na kai mutum babba, babba na kai shi wurin mutane. Ta bi ruwa har ta iske wata bukkar masu aikin daji, ta samu fetur ta zuba a raunin da ya yi tsutsa domin ta taɓa ganin mahaifinta ya yi wa kare irin haka da kananzir, aka cece ta bayan kwana 11. A 2023 kuma, yara huɗu 'yan ƙabilar Huitoto a Kolombiya, babbarsu 'yar shekara 13, ƙaramarsu ba ta cika shekara ba, suka yi kwana 40 a daji bayan ƙaramin jirginsu ya faɗi, da garin rogon da suka samu a jirgin da 'ya'yan itatuwan da suka sani tun a gida. Ita ma shawarar bin ƙorama ta Amazon ce. A Sahel ƙorama na iya ƙarewa cikin yashi ba gida ko ɗaya, burtalin shanu ya fi ta tabbacin kai mutum ga ruwa da mutane.

Turawan da kansu sun gano cewa karatu kaɗai ba ya isa. A yaƙin duniya na biyu wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura cewa in aka nutsar da jirgi, samarin matuƙa sun fi tsofaffi mutuwa a cikin kwale-kwalen ceto, duk da ƙarfinsu. Ba su taɓa shan wuya sun ga ta wuce ba, sai su karaya. Shi da malamin nan Kurt Hahn suka buɗe makarantar Outward Bound a Wales a 1941 don a riƙa jefa matasa cikin wahala da gangan, ƙarƙashin kulawa. Irin wannan horo ya iso yankinmu a 1951 a gaɓar Man O' War da ke Kamaru, daga nan sunan 'yan Man O' War ya samo asali, kuma cibiyar da ke ba da horon na da makarantar hawan dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos. Abin da ake samu a irin wuraren nan ya wuce dabara. Wanda ya taɓa kwana a fili, ya ji kukan da bai san na mene ne ba, sauro ya ci shi, gari ya waye yana nan da ransa, dare na biyu hankalinsa na jikinsa. Ruɗewa ce ke sa wanda ya ɓace ya yi ta gudu yana zagaye wuri guda har ƙarfinsa ya ƙare.

Wannan magana ta daina zama ta masu yawon shaƙatawa a wurinmu. Mota na lalacewa tsakanin Agadas da Dirku. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, 52 daga cikinsu yara, bayan motocinsu sun mutu ƙishirwa ta gama da su. Ga mutanen ƙauyukan da hari ke kora su kwana a dawa da goyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai rashin tsaron da ya sa ilimin ya zama dole, shi ne kuma ya hana a shiga daji a koye shi. Ba mai hankalin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya nufi dajin Rugu ko Kamuku da sunan horo a yau. Ni filin makaranta da gonakin bayan gari nake amfani da su, da izinin masu su, da sanin mai unguwa, kuma kafin mu fita sai na bar wa wani sunan inda za mu da lokacin dawowa. Yawancin abin da ake bukata ana iya koyonsa a nan. A kafa inuwa da zane da igiya a ga ko za ta jure iskar hadari. A hura wuta da ashana ɗaya tal bayan an ɗauke ruwan sama a marka, inda dole yaro ya gano cewa busasshen itace na cikin tsakiyar jiƙaƙƙen reshe, sai an tsaga. A yi tafiyar awa biyu a auna ruwan da kowa ya sha. A kashe wayoyi a ce wa yaro ya mayar da mu makaranta ta wata hanyar. Ina zuwa da littafin, mu karanta shafi, mu gwada, abin da ya yi mu yi masa alama, wanda bai yi ba mu rubuta dalili a gefe, tare da sunan itacen da ya maye gurbin nasu.

Darasin ƙarshe a kowace fita shi ne kashe wuta, kuma a hunturu ba na sassauci a kansa, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye karan wani ko rumbunsa. Tun kafin a kunna ake share ciyawa kewaye da murhu har ƙasa ta fito. In an gama, a zuba ruwa, a motsa tokar da sanda, a sake zubawa, sannan wanda ya hura ta ya kai bayan hannunsa kan tokar ya ji. In da sauran ɗumi, ba wanda zai ɗauki jakarsa.